Daga Birnin Shehu Zuwa Kebbe: Me Shirye-shiryen Lafiya Ke Bari a Hannun Masu Rauni?

Tsakure

Takardar nan ta bi sawun shirye-shiryen kiwon lafiya da ake tsarawa a Abuja da birnin Sakkwato har zuwa ƙananan hukumomin Tambuwal da Kebbe, domin a ga abin da suke bari a hannun masu rauni: mata masu juna biyu, yara 'yan ƙasa da shekara biyar, naƙasassu, masu yoyon fitsari, makiyaya, da waɗanda rashin tsaro ya raba da garuruwansu. An dogara da dokokin lafiya na ƙasa, da sakamakon binciken da hukumomi suka wallafa, da sanin da marubucin ya yi wa yankin. Matsayin takardar shi ne, shirin da ya damƙa magani ko ilimi ko kujerar shawara a hannun mutanen ƙauye shi ne ke ƙarfafa su. Wanda kuwa ya tsaya ga gini da katin jinya, yakan yi amfani ga wanda ya iya isowa, amma ya bar mafi rauni a inda ya same shi.

1.0 Gabatarwa



Duk wanda ya taɓa kwana a babban asibiti a birnin Sakkwato yana jinyar ɗan'uwa ya san yadda harabar ke komawa zango da zarar magariba ta yi. Tabarmi a shimfiɗe, mata na dama kunu, maza na lissafin abin da ya rage a aljihu. In ka tambaye su daga ina suke, kaɗan ne za su ce maka unguwannin birni irin su Mabera ko Runjin Sambo. Mafi yawa daga ƙauye suka zo, wani ya sayar da akuya, wani ya jinginar da gona. Waɗannan kuma su ne masu sa'a, domin sun iso.

A 1986 ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara shirinta na birane masu lafiya a ƙasashen Turai. A can, talaka da asibiti suna cikin gari guda, abin da ya raba su unguwa ce ko matsayi. Mu a nan, asibitin yana birni, mai buƙatarsa yana bayan gulbi. Saboda haka idan muka ce shirin lafiyar birni yana ƙarfafa masu rauni, dole mu tambaya: bayan motar ma'aikata ta juya ta koma Sakkwato, me ya saura a hannun matar da ke Sangi ko Ungushi a ƙasar Kebbe? Wannan ita ce tambayar da takardar ta ɗauko.

2.0 Yankin da Mutanensa

Tambuwal tana kan babbar hanyar Sakkwato zuwa Jega, kimanin kilomita 100 daga birni. Tsohon ribaɗi ne da Buhari ɗan Shehu Usmanu ya zauna, kuma a yau akwai manyan garuruwa a ƙarƙashinta irin su Dogon Daji, Jabo da Sanyinna. Kebbe tana can kudu da ita, ta yi iyaka da Gummi ta Jihar Zamfara da kuma Jihar Kebbi. Ƙidayar 2006 ta ba Tambuwal mutum kusan dubu 225, ta ba Kebbe kusan dubu 125. Amma ƙasar Kebbe ta fi faɗi, ta haura murabba'in kilomita 2,600, a mazaɓu goma da suka haɗa da Kuchi, Girkau, Fakku, Margai, Sangi da Ungushi. Mutane kaɗan a ƙasa mai faɗi yana nufin tafiya mai nisa kafin a kai ga ɗakin shan magani. Da damina, gulbin Zamfara da fadamunsa sukan ƙara nisan. A 'yan shekarun nan kuma 'yan bindiga sun sa tafiyar dare ta zama kasada, alhali naƙuda ba ta zaɓen lokaci.

Alƙaluman jihar baki ɗaya sun isa su nuna nauyin lamarin. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa kimanin kashi 5 cikin 100 ne kawai na yaran Sakkwato suka sami cikakken rigakafin farko, mafi ƙanƙanta a Najeriya, a lokacin da Anambra ke da kashi 76. Matan da suka haihu a asibiti ba su kai ɗaya cikin goma ba. A 2022 kuma Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta sanya Sakkwato a kan gaba wajen talauci mai fuskoki da yawa, da kashi 91 cikin 100. A jihar da tara cikin goma ke cikin wannan hali, kalmar "mai rauni" ba ta wasu 'yan tsiraru ba ce. Sai dai a cikin raunanan ma akwai waɗanda aka mayar saniyar ware, kuma su ne abin dubawarmu.

3.0 Taimako da Ƙarfafawa

Dokar inshorar lafiya ta ƙasa ta 2022 ta lissafa masu rauni: yara 'yan ƙasa da shekara biyar, mata masu ciki, tsofaffi, masu naƙasar jiki ko ta ƙwaƙwalwa, da marasa galihu. Lissafi ne mai kyau, amma Bahaushe yana da wata kalma da ta fi shi zurfi, wato gata. Makahon da ke da 'ya'ya da dangi masu kula da shi yana da gata. Yarinyar da aka sako saboda yoyon fitsari, tana da ido da ƙafa, amma ba ta da shi. Rauni a wurinmu rashin mai tsaya maka ne, da rashin bakin da za a saurara.

Daga nan bambancin taimako da ƙarfafawa ke fitowa. Taimako shi ne a yi maka. Ƙarfafawa ita ce a bar maka abin da gobe za ka yi wa kanka, ko ka yi wa maƙwabcinka, ko ka tsaya ka nemi haƙƙinka ba tare da ka durƙusa ba. Ba na raina taimako. Wanda ke zubar da jini ba lacca yake so ba. Amma da wannan ma'aunin zan auna shirye-shiryen da ke tafe.

4.0 Asibitocin Birni

Sakkwato ta yi sa'ar cibiyoyin da aka kafa musamman domin cututtukan da jama'a ke ƙyama. Akwai Amanawa, inda ake jinyar kuturta tun shekarun 1930. Akwai asibitin masu taɓin hankali na tarayya a Kware. Akwai Asibitin Mata da Yara na Maryam Abacha, inda ake ɗinkin yoyon fitsari. Zan fi tsayawa a kan Asibitin Noma, domin darasinsa ya fi fitowa fili.

Noma a nan ba aikin gona ba ne, sunan cuta ce mai zaizaye baki da fuska, wadda ta fi kama yara 'yan shekara biyu zuwa shida da yunwa ta raunana, sau da yawa bayan ƙyanda ko zazzaɓi. Takan fara da kumburin dasashi, cikin 'yan kwanaki ta huda kumatu. In ba a yi magani ba, takan kashe har tara cikin goma. Wanda ya tsira kuwa yakan rayu a ɓoye, fuska a rufe da mayafi, ba makaranta, ba kasuwa, sau da yawa ba aure. An buɗe asibitin a 1999, ƙungiyar likitoci ta MSF ta fara tallafa masa a 2014, kuma ana yin aikin gyaran fuska kyauta.

Aikin tiyatar taimako ne, babba kuwa. Ƙarfafawar ta zo ta wata ƙofa. Mulikat Okanlawon ta sha fama da wannan cuta tun tana ƙarama, aka yi mata aiki a Sakkwato, ta yi karatu, ta dawo ta zama ma'aikaciya a asibitin da ya yi jinyarta. Ita da wani mai suna Fidel Strub suka kafa Elysium, ƙungiyar farko ta waɗanda suka tsira daga noma. Najeriya ce ta jagoranci neman a sanya cutar cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta amince a ranar 15 ga Disamba, 2023. A 2024 mujallar Time ta sa sunan Mulikat cikin mutum ɗari masu tasiri a fannin lafiya. Uwar da ta kawo ɗanta da rami a kumatu, ta ga ma'aikaciya mai tabo irin nasa tana kai-da-kawo cikin aikinta, ta ga abin da likita ba zai iya faɗa mata da baki ba.

To amma ga inda gizo ke saƙar. A matakin kumburin dasashi, maganin kashe ƙwayoyin cuta da wanke baki da abinci mai gina jiki sun isa su tsayar da noma, kuma duk ana iya yinsu a ɗakin shan magani na Girkau. Yaron da ya kai ga teburin tiyata a birni shaida ne cewa an rasa wanda zai buɗe bakinsa ya duba tun a ƙauye. Haka abin yake ga yoyon fitsari: mafi yawansa doguwar naƙuda ce ke jawo shi, kan jariri ya daɗe yana danne mafitsara har naman ya mutu. Ɗinkin da ake yi a birni gyaran ɓarnar da ta auku ne a wani ɗaki mai nisa, a daren da aka rasa mota.

5.0 Abin da Aka Damƙa wa Mata

A ganina, shirin da ya fi kowanne kusantar ma'anar ƙarfafawa a tarihin lafiyar wannan jiha shi ne na 2013, zamanin Gwamna Aliyu Magatakarda Wamakko, da tallafin shirin TSHIP na hukumar USAID ta Amurka, wanda ya yi aiki a Sakkwato da Bauchi daga 2009 zuwa 2015.

Masu shirin sun fara da amincewa da gaskiyar da ke ƙasa: mata a gida suke haihuwa. Da yawa ma su kaɗai a ɗaki, domin al'ada ta ɗauki hakan jarunta, kunya kuma takan hana mai haihuwar fari ta yi ko da nishi mai ƙarfi. Ungozoma sau da yawa sai bayan jariri ya faɗo ake kiranta, ta yanke cibiya, ta yi wanka. Abu biyu ne suka fi kisa a wannan ɗaki: zubar jini ga uwa, da shigar ƙwayoyin cuta ta cibiyar jariri, wadda ake gasawa da tsumma ko a shafa mata abin da ya samu. Maganin duka biyun yana da araha kuma ba ya buƙatar firiji. Ƙwayar misofurostol guda uku da uwa za ta haɗiye da zarar jariri ya fito tana sa mahaifa ta tsuke, jini ya tsaya. Man kuloheksidin kuma ana shafa shi a cibiya.

Tambayar ita ce, wa za a ba? Likitoci da yawa sun ji tsoro, kuma tsoronsu yana da hujja, domin in mace ta sha ƙwayar kafin jariri ya fito tana iya fasa mahaifa. Mafitar da aka samu ita ce a bi ta kwamitocin raya mazaɓu. A kowace mazaɓa daga cikin 244 na jihar aka zaɓi 'yan sa-kai goma, jimilla 2,440, suna shiga gida gida suna bayani. Aka kuma zaɓi amintattun mutane a cikin gari da ke ajiye maganin, in naƙuda ta tashi a aika a karɓo. Gwamnatin jiha ce ta sayi maganin da kuɗinta. Ke nan mazaɓu goma na Kebbe rabonsu 'yan sa-kai ɗari ne, 'yan gari, masu jin harshen gari, waɗanda ba sai an yi musu iso ba kafin su shiga cikin gida. Da ɗan gari akan ci gari.

Ku lura da abin da ya sauya. Kafin wannan, sanin abin da ke tsayar da jini yana hannun mai farar riga a birni. Bayan wannan, ya koma hannun matar da ba ta taɓa shiga aji ba. Ta san adadin ƙwayar, ta san lokacin sha, ta san kuma alamar da in ta gani dole a nemi mota. Ilimi irin wannan ba ya komawa cikin motar da ta kawo shi.

Shirin rigakafin zazzaɓin cizon sauro na damina ya bi irin wannan hanya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawararsa a 2012, aka fara shi a Sakkwato a 2015. Ana bin gida gida wata huɗu na damina, ana ba yara daga wata uku zuwa ƙasa da shekara biyar. Ma'aikaci yana ba da maganin rana ta farko a gabansa, sa'annan ya bar wa uwa na rana ta biyu da ta uku. Nasarar shirin gaba ɗaya ta rataya ne a kan waɗannan ƙwayoyi biyu da aka bari a hannun uwa, shi ya sa aka riƙa zaɓen wasu iyaye mata a unguwa su zagaya suna tunatarwa. Gwaje-gwajen da aka yi kafin a amince da shirin sun nuna yana hana kusan kashi uku cikin huɗu na zazzaɓin.

Ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda take naɗa dattawan mata a matsayin jaji, ta ba kowace malfa a matsayin alamar izini, su karɓi karatu daga wurinta su kai wa matan ƙauyuka. Ta gane tun a lokacin cewa ilimin birni ba ya isa cikin gida sai a bakin mace da gida ya yarda da ita. Duk lokacin da na ji wani yana cewa matan karkararmu ba za su iya riƙe amanar magani ba, wannan tarihi nake tuna masa.

Raunin waɗannan shirye-shirye shi ma a bayyane yake, kuma bai kamata mu rufe shi ba. 'Yar sa-kai tana yin aikin da ƙasa ke tinƙaho da shi, amma ba ta cikin jerin masu albashi. In wa'adin mai tallafi ya ƙare, takan rasa maganin da za ta raba da ɗan abin da take samu. A farkon 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da ayyukan USAID, jihohi irin tamu da suka daɗe suna dogaro da ita suka ji a jikinsu. Matar da aka koya wa amfanin ƙwaya uku, aka kuma bar ta babu ƙwayar, an ba ta rabin iko ne.

6.0 Kati da Kuɗin Mota

Ta fuskar doka, Najeriya ta yi abin a yaba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kiwon lafiya a matakin farko, ta ce a zuba masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya. Ta kuma raba shi: rabi domin biyan jinyar talakawa ta hanyar inshora, kashi 20 na magani da rigakafi, kashi 15 na gyaran asibiti da kayan aiki da sufuri, kashi 10 na ma'aikata, kashi 5 na agajin gaggawa. Sai a kasafin 2018 aka fara sanya masa kuɗi. Dokar 2022 ta ƙara da asusu na musamman domin masu rauni. A jiha, hukumar taimakekeniyar lafiya ta SOCHEMA ce ke yi wa mutane rajista. A Nuwamban 2024 kuma Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa hali. A ƙasar da fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin jinya daga aljihun majinyaci yake fitowa, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Amma tun 1994 masu bincike Thaddeus da Maine suka nuna cewa jinkiri uku ne ke kashe mai naƙuda: jinkirin yanke shawarar fita, jinkirin hanya, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Katin jinya yana maganin na uku ne, wani lokaci ya taɓa na farko. Na biyu bai san da shi ba. Amsa biyu ce ka fi ji a ƙauyukanmu in ka tambayi dalilin da ya hana a kai mace asibiti: "maigida ba shi nan", da "babu kuɗɗin mota". Ta farko ta fi yawa da rani, lokacin da maza suka tafi cin-rani Kudu. Ta biyu kuma ta ƙara nauyi tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023.

Na san wata baiwar Allah a danginmu da ke da katin jinya kyauta a cikin kwallarta, an naɗe shi da leda. Da naƙuda ta yi tsanani cikin dare, katin bai iya tayar da babur ba. Sai da gari ya waye aka haɗa kuɗi aka ɗauki shatar mota. Allah ya tsirar da ita, jaririn bai zo da rai ba. Babu ma'aikacin da ya yi mata laifi. Ba ta kai gare su da wuri ba ne.

Akwai maganin da aka gwada a wasu jihohin Arewa, inda aka horar da direbobin ƙungiyar NURTW su ɗauki mai naƙuda kowane lokaci, a saka musu da ba su layin farko na lodi a tasha. Tsari ne mai sauƙin kuɗi domin mota da direba suna nan tun asali. Akwai kuma batun iyaka. Mutumin wasu garuruwan Kebbe ya fi kusa da Gummi, na Tambuwal kuma Aliero da Jega suna gefensa, Birnin Kebbi da cibiyarta ta yoyon fitsari a Gesse ba ta fi masa Sakkwato nisa ba. Katin jiha kuwa a asibitocin da jihar ta yi wa rajista yake aiki. Yarjejeniya tsakanin hukumomin jihohin uku, ta yadda katin ɗan iyaka zai karɓu a asibiti mafi kusa, ba ta buƙatar a aza ko bulo ɗaya.

Sai maganar wanda sunansa ke shiga rajista. Wanda ya gudo daga ƙauyensa ya raɓe a gidan dangi a Kebbe ko Tambuwal ba ya cikin lissafin mazaɓar da ya baro, ba ya cikin na wadda ya shigo. Bafulatanar da ke ruga tana sayar da nono a kasuwa kowane mako, amma mai rajista bai taɓa taka rugarsu ba, in ma ya je ba ya jin Fulatanci. Inda ake neman lambar shaidar ɗan ƙasa kafin a yi rajista, mafi rauni shi ne mafi wuyar mallakarta.

7.0 Kujerar Shawara

Tun sanarwar Alma-Ata ta 1978 ake cewa jama'a su shiga cikin tafiyar da lafiyarsu, kuma a kan haka Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ya gina tsarin matakin farko lokacin da yake minista daga 1985 zuwa 1992. Kwamitin raya mazaɓa shi ne ya gaji wannan tunani, yana kuma da hannu wajen sa ido a kan kuɗin da ke shiga asibitin mazaɓa. Tambayar ita ce su wa ke zaune a cikinsa.

Ƙasar Hausa ba ta jira wata hukuma ba kafin ta tsara naƙasassunta. Muna da Sarkin Makafi, Sarkin Guragu, Sarkin Kutare, kowanne da jama'arsa da ya san su gida gida, yana sasanta su, yana kai kukansu fada. Babu rajistar da za ta fi tasu inganci. Yaƙi da shan-inna ya nuna amfanin haka. A 2009 aka kafa kwamitin sarakunan Arewa kan kiwon lafiya a ƙarƙashin Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar, aka kuma shigo da waɗanda cutar ta gurgunta su zagaya tare da masu ɗiga rigakafi. Maigidan da ya kori ma'aikaci yakan yi shiru in gurgu a kan kekensa ya ce masa ya dube shi. Da irin wannan aiki aka kai ga ranar 25 ga Agusta, 2020, da aka ayyana Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar shan-inna. Abin da ke damuna shi ne, mun ɗauke su a matsayin shaida lokacin da muke buƙatarsu, ba mu ba su kujera ba lokacin da ake raba kuɗi.

Dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, wadda aka sanya wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen gwamnati shekara biyar su gyara hanyoyin shigarsu. Wa'adin ya cika a Janairun 2024. Kowa a zauren nan zai iya zuwa asibitin mazaɓarsu ya duba ko keken gurgu na iya hawa, ko akwai wanda zai fahimci kurma in ta zo awon ciki. Jihar Sakkwato ta yi suna da alawus ɗin wata-wata na naira 6,500 da ta fara ba naƙasassu a zamanin Wamakko, Hukumar Zakka da Waƙafi kuma tana biya wa marasa hali kuɗin magani. Duka biyun alheri ne. Sai dai a duka biyun mai rauni karɓa yake yi. In da Sarkin Makafin Kebbe yana cikin kwamitin da ke tantance wa za a biya wa, da matar da aka yi wa ɗinkin yoyon fitsari ta dawo an ɗauke ta aikin wayar da kan 'yan'uwanta da ɗan albashi, da mun maimaita darasin Asibitin Noma a kowace mazaɓa. Mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zuba masa.

Zakkar hatsi da ake fitarwa da kaka a waɗannan garuruwa na manoma ita ma abin dubawa ce. Malamanmu su ne za su yi bayanin hukunci, amma matalauci da miskini suna cikin waɗanda zakka ta halatta gare su, kuma babu miskinin da ya kai macen da ke naƙuda babu kuɗin mota. Asusun gari da kwamitin zakka na gunduma zai riƙe domin wannan buƙata ba ya jiran wa'adin wata ƙungiya daga waje.

8.0 Roƙo

Roƙona na farko ga shugabannin ƙananan hukumomin Tambuwal da Kebbe ne, tare da iyayenmu hakimai, Allah ya ja zamaninku. A ware kujeru a kowane kwamitin mazaɓa ga mata, da wakilin naƙasassu da su suka zaɓe shi, da arɗon makiyaya. A liƙa lissafin kuɗin da ya shigo asibiti a jikin bango, da boko da ajami, a kuma karanta shi a bainar jama'a saboda waɗanda ba sa gani. A sa kuɗin ƙwayar tsayar da jini da man cibiya da alawus ɗin 'yan sa-kai a cikin kasafin ƙaramar hukuma, da sunansu.

Na biyu gare mu ne, malamai da ɗaliban jami'a. Mafi yawan alƙaluman da na kawo na jiha ne baki ɗaya, kuma a cikin jimillar jiha ƙauye yakan ɓace. Mazaɓun Kebbe goma ne kacal. Ɗalibi ɗaya mai neman digiri na biyu zai iya zagaye su cikin rani guda, ya ƙirga mata nawa ne a kowane kwamiti, nawa ake biya daga kowane gari zuwa asibitin da ke iya tiyata, da rana da kuma da dare, da rani da kuma da damina. Ina roƙon a tura shi, in ya gama kuma ya koma ya karanta wa mutanen Kuchi da Fakku abin da ya samo, da Hausa, kafin ya kawo mana shi nan.